Gajeruwar Riga da Doguwar Safa: Tambayoyi da Amsoshi kan Suturar Mazan Turai Tsakanin 1340 da 1500

Duk wanda ya taɓa kallon tsofaffin zane-zanen Turawa ya ga irin mutanen nan: riga 'yar ƙil da ba ta wuce ƙugu ba, ƙafafu ɗame cikin wani abu kamar fatar jiki, takalmi mai tsini kamar bakin mashi. Mutum na iya ɗauka mai zanen ne ya ƙara gishiri, alhali haka suka yi ta yawo a titunan Faris da Landan da Fulorans ta Italiya sama da shekara ɗari. Ga tambayoyin da aka fi yi game da wannan sutura.

Kafin wannan yayi, me mazan Turai suke sawa?

Doguwar riga mai faɗi. Har zuwa farkon ƙarni na 14, ɗinkin riga a Turai bai wuce haɗa ƙyallaye masu kusurwa huɗu da masu kusurwa uku ba. A yanka gaba da baya a miƙe, a ƙara ƙyalle a gefe don ta buɗe, a zura ta ka, a ɗaure da ɗamara. Ta mai kuɗi takan kai idon sawu, ta manomi takan tsaya a gwiwa don kada ta hana shi aiki. Rigar namiji da ta mace ba su da wani bambanci mai yawa a yanka. Ana gane mai hali ne ta yawan yadin da ya zuba da kyan rinin, ba ta yadda rigar ta zauna masa a jiki ba.

To me ya faru a wajen 1340?

Matasan fada da sojoji suka datse rigar, suka matse ta. Marubutan tarihin lokacin sun ga abin da idonsu, kuma bai yi musu daɗi ba. Giovanni Villani, mutumin Fulorans, ya rubuta cewa a 1342 Faransawan da suka shigo garin suka koya wa samari sa riga gajera mai matsewa wadda mutum ba ya iya sa ta sai an taimaka masa, da ɗamara mai faɗi kamar majanyin doki. A Faransa kuwa, bayan Ingilishi sun karya rundunarsu a yaƙin Crécy a 1346, marubucin tarihin masarauta ya lissafa wannan sutura cikin zunuban da suka jawo musu kaye. Ya ce rigunan sun gajarce har idan mutum ya sunkuya zai yi wa ubangidansa hidima, na bayansa sai sun ga kamfansa, kuma idan ana cire masa rigar kamar ana feɗe shi.

Dalilin sauyin ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne kayan yaƙi. A wannan ƙarni ne barade suka fara barin dogon sulken zobba suna komawa farantan ƙarfe da ake ƙera su daidai da ƙirji da cinya. Ƙarfen da ya kama jiki yana buƙatar riga a ƙarƙashinsa mai kama jiki ita ma, mai cushe da auduga kamar lifidi, don kada ya ci nama. Barde ya saba da ita a sansani, sai ya shigo da ita gari. Na biyu shi ne maɓalli. Da babu maɓalli da ramin sa shi, akasari riga takan yi faɗin da kai da kafaɗu za su wuce. Da maɓalli ya yaɗu, sai aka iya tsaga riga daga wuya har ƙasa, a sa ta a buɗe, sannan a rufe ta a jiki. Na uku shi ne hannun tela: sun koyi yanka hannun riga a lanƙwashe, su dasa shi a ramin kafaɗa mai zagaye.

A ganina wannan na ukun ne ya fi nauyi, ko da yake shi aka fi mantawa. Daga nan ne aikin tela a Turai ya tashi daga haɗa ƙyalle ya koma auna mutum da yanka yadi a kan siffarsa.

Abin da ke ƙafafunsu wando ne ko safa?

Safa ce, amma ba irin wadda muka sani ba. Da farko kowace ƙafa da tata daban, babu abin da ya haɗa su. Tana tasowa daga tafin ƙafa har saman cinya, bakinta na sama ya yi tsini ta gaba, a ɗaure tsinin da igiya a mazagin gajeren wandon lilin da ke ciki. Wato a tsakanin safar dama da ta hagu, abin da ke rufe mutum shi ne wannan farin wandon ciki kawai. Muddin riga doguwa ce, babu wanda ya damu, don ba a ganin komai. Da riga ta haura sama ne matsala ta fito fili, kuma kusan duk tarihin suturar ƙafa na shekara ɗari da hamsin da suka biyo baya ƙoƙarin toshe wannan giɓi ne.

Tunda babu roba a lokacin, yaya safar take kama ƙafa haka?

Nan gwanintar take. Ba saƙar allura ba ce irin ta safar yau. Yadin ulu ne na masaƙa ake yankawa a ɗinka. Yadin masaƙa kuwa idan ka ja shi ta tsawonsa ba ya miƙewa, idan ka ja shi ta faɗinsa ma haka. Amma ka kama kusurwa biyu masu kallon juna ka ja, sai ka ga ya ba da kai. Duk telan da ya taɓa yin baki da ƙyallen da aka yanka a karkace ya san wannan. To haka masu ɗinkin safa suke shimfiɗa yadin, su kwantar da ma'aunin ƙafar a karkace a kansa, su yanka. Ɗinkin yakan bi ta bayan ƙafa, daga dunduniya ya hau sha-raɓa har cinya, a sa wasu ƙananan ƙyallaye a wajen idon sawu don tafin ya zauna. Idan aka yi sa'ar tela, gwiwa za ta lanƙwasa ba tare da yadin ya yage ba, idan ta miƙe kuma ba zai bar jaka a gaban gwiwar ba.

Yanka a karkace yana cin yadi, ragowar da ke zubewa tana da yawa. Shi ya sa safa mai kyau take da tsada, kuma shi ya sa ta talaka takan yi tattara a idon sawu. Wasu sukan ɗaura maɗauri a ƙasan gwiwa don ta tsaya. Wannan ɗan maɗaurin ne Sarki Edwad na Uku na Ingila ya mai da shi alamar ƙungiyar baradensa a wajen 1348, kuma har yau lambar girmamawar tana nan, maza suna ɗaura ta a ƙasan gwiwar hagu. Akwai kuma safar da ake ɗinka wa tafin fata a ƙasa, mutum ya taka ba sai da takalmi ba.

Me ke riƙe ta kada ta zame?

Da safa ta ƙara tsawo, mazagin wandon ciki ya kasa ɗaukar nauyinta, sai aka mai da ɗaurin jikin rigar ciki mai matsewa, wadda Ingilishi ke kira dubulet. Ana huda ƙananan ramuka biyu-biyu a gefen rigar ta ƙasa, a huda irinsu a bakin safar, a zura gajerun igiyoyi masu bakin ƙarfe, a ƙulla. Rigar da safar sun zama abu guda ke nan, kafaɗa ce ke ɗauke da komai.

Wahalar wannan a bayyane take. Idan an ɗaure igiyoyin baya tam, sunkuyawa ta zama aiki. Shi ya sa a zane-zanen lokacin za ka ga magina da masu girbi da masu wasan takobi sun kwance igiyoyin baya, safar tana reto, ko sun naɗe ta ƙasa zuwa gwiwa. Biyan buƙata ma sai an zauna an kwance, an sake ƙullawa.

Akwai shaida mai taɓa zuciya game da waɗannan igiyoyi a shari'ar Jan Dark, yarinyar da ta jagoranci sojojin Faransa, aka ƙone ta a birnin Rouen na Faransa ranar 30 ga Mayu, 1431. Cikin laifuffukan da aka lissafa mata har da sa kayan maza, kuma takardar tuhumar ta faɗi cewa safarta haɗaɗɗiya ce, an ɗaure ta da rigar da igiya ashirin. Shaidun da suka yi magana a sake binciken da aka yi bayan mutuwarta sun ce ta bayyana cewa tana ɗaure kayan tam ne don kare mutuncinta daga masu gadin kurkuku. Abin da alƙalai suka kira rashin kunya, a wurinta shi ne garkuwa.

Yaushe aka haɗe ƙafafun biyu suka zama kamar wando?

A hankali, daga ƙarshen ƙarni na 14 zuwa tsakiyar na 15. Da fari kowace ƙafa ta faɗaɗa ta sama har ta rufe ɗuwawu, sannan aka ɗinke su ta baya. Gaba ne ya rage a buɗe, domin yadin ba shi da miƙewar da za a yi masa hantsa a rufe ruf. Sai aka ɗinka wani ƙyalle mai kusurwa uku a ƙasa, a ɗaga shi a ɗaure da igiya ta sama. Asalinsa marufi ne kawai don sutura. Cusa masa tsumma da mai da shi abin taƙama, irin wanda ake gani a hotunan Sarki Henri na Takwas na Ingila, wannan ya zo ne daga baya, a ƙarni na 16. Tsohuwar safa mai ƙafa daban-daban kuwa ba ta ɓace ba. Ma'aikata da mutanen ƙauye sun daɗe suna sa ta don ta fi sauƙin motsi.

Me ya sa ake ganin ƙafa ɗaya ja, ɗaya fara?

Wani lokaci ado ne kawai, wani lokaci alama ce. Manyan gidaje sukan raba wa barorinsu yadi mai launin gidan sau ɗaya ko biyu a shekara, ta yadda da ganin mutum a kasuwa an san yaron wane ne. Ma'aikatan birni da 'yan ƙungiyoyin sana'a su ma haka. A birnin Fenis na Italiya, a ƙarni na 15 da na 16, 'ya'yan manya sun kafa ƙungiyoyin samari da ake kira ƙungiyoyin safa, kowace da launinta da tambarinta a ƙafa, su ne masu shirya bukukuwa da wasanni idan babban baƙo ya zo gari. Mawaƙin Ingila Jefri Chosa, a ƙarshen ƙarni na 14, ya sa wani limamin coci a littafinsa yana sukar wannan safa mai rabi fari rabi ja, yana cewa tana sa mutum ya zama kamar an feɗe rabin al'aurarsa.

Kowa da kowa ne ya koma gajeruwar riga?

A'a, kuma wannan kuskure ne da finafinai suke yawan yi. Gajeruwar riga ta matasa ce, da sojoji, da 'yan fada. Alƙalai, malaman jami'a, likitoci, limaman coci da dattawan 'yan kasuwa sun riƙe doguwar rigarsu, har tsawon riga ya zama shaidar ilimi da natsuwa. Rigar da alƙalai da masu karɓar digiri suke sawa a yau daga can ta samo asali.

Daga wajen 1360 kuma wata babbar riga ta fito wadda Faransawa ke kira hufalanda: mai yalwa, mai dogon wuya har ƙarƙashin kunne, hannayenta wani lokaci suna jan ƙasa, an yi wa bakinsu yanka-yanka kamar ganye, cikinta an shafe da fata mai gashi. Ana sa ta a kan dubulet da safa. Saboda haka basarake ɗaya yana iya fitowa da safe a matse kamar sanda, da yamma ya fito a cikin yadi mai yawan gaske.

Talaka fa?

Rigar lilin a ciki, rigar ulu mai kauri zuwa gwiwa, hular da ta rufe kai da kafaɗu, safa idan da sanyi, ƙafa tsirara idan da zafi. Littafin addu'a mai zane da 'yan'uwan Limbourg, masu zane, suka fara yi wa mai mulkin Berry ta Faransa a wajen 1411 ya nuna wannan sarai: a shafin watan Yuni masu yankan ciyawa ba takalmi ba safa, a na Fabrairu kuma manoma sun ɗage riguna suna jin ɗumin wuta.

Sutura dukiya ce a lokacin. Yadi ne ke cin kuɗin, ladan tela kaɗan ne a kansa. Mutum yakan ambaci rigarsa a wasiyya, ya ba da ita jingina idan ya matsu, kuma kasuwar gwanjo tana da ƙarfi a kowane babban gari. Riga guda takan sauka daga ubangida zuwa bara, a juya ta ciki ya koma waje, a rage ta ga yaro, ƙarshenta ta zama cushen wata rigar. Bayan annobar da ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai tsakanin 1347 da 1351, ma'aikata suka yi ƙaranci, lada ya tashi, talaka ya fara iya sayen yadi mai launi. Wannan ya tayar wa manya da hankali ƙwarai.

Da gaske ne hukuma ta yi dokar abin da mutum zai sa?

Ƙwarai, kuma ba sau ɗaya ba. A 1363 majalisar Ingila ta jera mutane bisa matsayi da dukiya, ta faɗi yadin da ya halatta ga kowa. Masu noma da makiyaya da masu tura amalanke waɗanda kayansu bai kai sule 40 ba, an ce kada su wuce yadi mai kauri mai araha, ɗamararsu kuma ta lilin. Dokar ba ta yi ƙarko ba, a 1365 aka soke ta.

Shekara ɗari bayan haka, a 1463, zamanin Sarki Edwad na Huɗu, aka sake yin wata wadda ta shafi batunmu kai tsaye. Ta hana duk wanda bai kai matsayin babban basarake ba sa rigar da ba ta rufe al'aurarsa da ɗuwawunsa idan ya tsaya a miƙe, ta kuma hana shi takalmin da tsininsa ya wuce inci biyu. Tela da baduku da suka yi irin wannan aiki su ma hukunci ya hau kansu. A duba da kyau: dokar ba ta hana manyan sarakai ba. Da kunya ce kaɗai damuwarta, da ta hau kan kowa. Abin da take karewa shi ne kada ɗan mai shago ya yi kama da ɗan sarki. Masu wa'azin da suka soki wannan sutura sun fi 'yan majalisar gaskiya a nan, don su ba su ware kowa ba, kuma ƙorafinsu yana da tushe: rigar da ke tona mutum idan ya sunkuya ta gaza aikin farko da ake sa riga dominsa.

Biranen Italiya su ma sun yi ta fitar da irin waɗannan dokoki, ko da yake nasu sun fi matsa wa mata. Yawan maimaita su ya isa ya nuna cewa ba a bin su.

Takalmin nan mai dogon tsini, ana iya tafiya da shi?

Ana iyawa, amma da wahala, kuma wahalar tana cikin abin da ake so: mai irin wannan takalmi ya nuna wa duniya cewa ba ya noma, ba ya dako. Sunayensa a Faransanci da Ingilishi duk suna danganta shi da ƙasar Folan da birninta Karako. Ana cusa gansakuka ko gashi a tsinin don ya tsaya, kuma an haƙo irinsu a gefen kogin Landan da cushen a ciki. Takalmin fata ne mai laushi, ba shi da dunduniya, don haka idan za a shiga taɓon titi sai a ɗora shi a kan wani takalmin katako mai maɗauri. A zanen da Jan van Eyck ya yi wa ɗan kasuwa Arnolfini da matarsa a 1434, ga irin wannan takalmin katako nan a ajiye a gefe, shi ma da tsininsa.

Ƙafa ta biya kuɗin wannan ado. Masu bincike sun duba ƙwarangwal 177 daga maƙabartun birnin Kambirij na Ingila, suka wallafa sakamakon a 2021. A cikin waɗanda aka binne daga ƙarni na 11 zuwa na 13, kashi 6 cikin ɗari ne babban yatsan ƙafarsu ya karkace ya yi ƙullutu. A cikin na ƙarni na 14 da na 15, adadin ya kai kashi 27. Ya fi yawa a maƙabartar da ake binne masu kuɗi da malaman coci, ya fi ƙaranci a ta ƙauye. Wajen 1480 yayin ya juya gaba ɗaya, takalmi ya koma mai faɗin baki.

Abin da ke kan wasu a zane kamar rawani, rawani ne?

Ba rawani ba ne, ko da yake kamannin yana ruɗarwa. Asalinsa hular nan ce mai rufe kai da kafaɗu, mai doguwar jela a baya. Sai wasu suka fara kifa ramin fuskar a ka, ɓangaren kafaɗun ya zubo gefe guda, jelar kuma a naɗe ta a ka ko a yafa ta a kafaɗa. Daga baya aka riƙa ɗinka ta a haka tun daga shago, da zagayayyen gammo a gindinta. Jan ƙyallen da ke kan mutumin da van Eyck ya zana a 1433 irin wannan hula ce aka tattare ta sama, duk da cewa an daɗe ana kiran hoton da sunan mai jan rawani.

Da wane yadi ake yi, kuma daga ina yake zuwa?

Ulu shi ne sarki. Mafi kyawun gashin tumaki daga Ingila yake fitowa, a saƙa shi a garuruwan Filandas, a ƙasar Beljiyam ta yau, irin su Ghent da Ypres, ko a Fulorans, kafin Ingila ta bunƙasa nata masaƙun. Lilin na kayan ciki ne, don shi ke jure wanki. Siliki da karammiski daga Lucca da Fenis, wasu kuma daga ƙasashen Musulmi da gabashin duniya. Audugar cushen riga, da wadda ake haɗawa da lilin a saƙa yadi mai araha a Milan da kudancin Jamus, 'yan kasuwar Fenis ne suke sayo ta daga Sham da Masar.

Launi ma yana da daraja hawa-hawa. Shuɗi daga wani ganye ake samunsa wanda sinadarin rininsa shi ne dai wanda ke cikin baba. Ja mai sauƙin kuɗi daga saiwar wani tsiro, ja mai tsada kuwa, na mulufin sarakai, daga wasu ƙananan ƙwari da ake tsinta a jikin itatuwa a ƙasashen bakin Bahar Rum. Baƙi mai kyau yana da wuyar rini, shi ya sa ya zama na masu hali. Filib mai mulkin Burgundi, a gabashin Faransa, ya rungumi baƙaƙen kaya bayan an kashe mahaifinsa a 1419, kuma da yake fadarsa ce ake kwaikwayo a lokacin, baƙi ya zama launin girma a Turai.

Babu aljihu? Yaya kuma ake wanki?

Babu aljihun da aka ɗinka a jikin riga ko safa. Jakar kuɗi da wuƙa da mabuɗai a ɗamara ake rataye su, shi ya sa ɓarawon lokacin yankan igiyar jaka yake yi. Wanki kuwa na kayan lilin ne. Ulu da siliki da fata sai kakkaɓewa da gogewa da shanyawa a iska. Wani attajirin Faris da ya rubuta wa amaryarsa littafin kula da gida a wajen 1393 ya yi mata bayanin fitar da tabo da korar asu da ƙuma, ya kuma ce idan miji ya dawo daga tafiya cikin ruwa da sanyi, a cire masa takalmi a gaban wuta, a wanke masa ƙafa, a ba shi sabuwar safa.

Akwai ainihin kayan da suka rage, ko zane kawai ake dogara da shi?

Akwai, ko da yake ba su da yawa. Mafi shahara ita ce rigar da ake dangantawa da Charles de Blois, wani basaraken Faransa wanda aka kashe a yaƙin Auray a 1364, tana gidan tarihin yadi na birnin Liyon a Faransa. Silikin gabas ne mai zaren zinariya, da maɓallai a jere daga wuya har ƙasa da kuma a kan hannaye. Ramin kafaɗarta ya shiga can cikin ƙirji da baya, an cike shi da ƙyallaye masu kusurwa uku, ta yadda mai ita zai iya ɗaga takobi sama ba tare da rigar ta ɗago daga ƙugu ba. A cikinta kuma ga igiyoyin ɗaure safa. Duk mai sana'ar ɗinki da ya ga yadda aka tsara wannan kafaɗa zai girmama wanda ya yanka ta.

Na talakawa ƙasa ce ta adana su. A 1936 aka tono gawar wani mutum a fadamar Bocksten a Suwidin, da rigarsa da mayafinsa da hularsa mai jela da safarsa, duk na ulu, daga tsakiyar ƙarni na 14. A 1921 aka haƙa maƙabartar Herjolfsnes a Girinland, inda ƙarancin katako ya sa ake naɗe mamata da tufafinsu, sanyi kuma ya hana su ruɓewa. Hulunan da aka samu masu jela sun nuna cewa yayin Turai ya kai har wannan ƙarshen duniya. A 2008 kuma, a ƙarƙashin daɓen wani bene a gidan sarautar Lengberg a Ostiriya, aka ci karo da tarin tsummoki na ƙarni na 15, har da wandon ciki na lilin.

Wannan safa ce ta zama wandon Bature na yau?

Ita ce kakarsa, amma hanyar ta yi kwana. A ƙarni na 16 haɗaɗɗiyar safar ta sake rabewa, wannan karon a kwance: na sama ya zama gajeren wando mai kumbura, na ƙasa ya zama safa zuwa gwiwa. Safar ƙasan ce aka fara yi da saƙar allura, kuma a 1589 wani Ba'ingile, William Lee, ya ƙera injin saƙa ta. Wando zuwa gwiwa da safa suka zama kayan masu hali har ƙarshen ƙarni na 18, dogon wando kuwa na matuƙan jirgin ruwa ne da leburori. Juyin juya halin Faransa na 1789 ya ɗaga darajar dogon wandon talaka, zuwa shekarun 1820 kuma manya ma sun koma kansa. Ita kuwa dubulet ta ci gaba har tsakiyar ƙarni na 17, lokacin da kwat da 'yar shara suka karɓi wurinta, da hannu mai dashe a kafaɗa da maɓallai a gaba irin waɗanda telolin 1340 suka fara.